Yadda Ake Kare Kai Daga Zafin Hamada Ga Wanda Ya Koma Can Da Zama

Wanda ya taso a ƙasa mai danshi ya saba da zafin da yake sanar da kansa: gumi ya jiƙa riga, jiki ya yi danƙo, mutum ya gane ya jigata ya nemi inuwa. Zafin hamada ba ya yin wannan sallama. Iskar a bushe take ƙayau, tana shanye gumi tun kafin ya taru a kan fata, sai mutum ya wuni da busasshiyar riga yana zaton bai yi gumi ba, alhali ruwan jikinsa tafiya yake yi. A makona na farko a irin wannan wuri, abin da ya fara nuna mini gaskiya shi ne wani farin zane da na gani a wuyan rigata da hammatarta da yamma, wanda da na murza shi da yatsa na ga gishiri ne. Gumin ya fito, iska ta ɗauke ruwan, ta bar gishirin shaida, ni kuwa ina fama da ciwon kan da na ɗora wa gajiyar tafiya.

Abin da sabon zuwa yake bukatar ya fahimta kaɗan ne. Zafin cikin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, fata kuma ba ta cika wuce 35 ba. Da zarar iskar waje ta haura zafin fata, ta daina ɗauke zafi daga jiki, ta koma zuba masa nata, sai ya rage hanya ɗaya tak da jiki yake sanyaya kansa, wato bushewar gumi. Mai aiki a rana yana iya zubar da lita ɗaya ko fiye na gumi a cikin awa guda. Amma wannan bushewar iska da take satar ruwan jiki ita ce kuma take sa duk abin da aka jiƙa ya yi sanyi nan da nan, kuma a kanta yawancin dabarun da zan bayyana suka dogara.

Kayan da za ka tanada

Gorar ruwa mai riƙe sanyi wadda take cin lita ɗaya aƙalla, da manyan jarkoki na ajiya a gida. Ka lissafa lita 4 na ruwan sha ga kowane mutum a kowace rana, ka kuma ajiye na kwana uku saboda ɗaukewar wuta ko yankewar ruwa.

Ma'aunin zafi guda biyu, ɗaya a cikin ɗaki, ɗaya a waje cikin inuwa. Idan ka sami wanda yake nuna yawan danshin iska, ya fi.

Ƙunshin gishiri da sukari na haɗa ruwan mayar da ƙarfi, wanda ake samu a kantin magani.

Kwalbar fesa ruwa, da tawul ko mayafin auduga biyu, da bokiti.

Tufafin auduga masu faɗi da dogon hannu, da malafa ko wata hula mai faɗin baki, da tabarau mai tare hasken rana, da takalmi mai kaurin ƙasa.

Labule mai kauri, da tabarma ko yadin rumfa da za a rataya a bayan taga ta waje.

Fanka, sannan gwargwadon hali na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa, ko kuma esi.

Man kare fata daga rana wanda lambar ƙarfin kariyarsa da ke jikin kwalbar ta kai 30 ko sama, da man leɓe, da Vaseline.

Mataki na 1: Ka ba jikinka mako biyu

Jiki yana koyon zafi, amma yana bukatar kwana 7 zuwa 14 kafin ya kammala. A cikin waɗannan kwanaki gumi yana fara fitowa da wuri kuma da yawa, gishirin da yake fita tare da shi yana raguwa, ruwan jini yana ƙaruwa, bugun zuciya yana daidaita. Kafin wannan ya faru, aikin da ɗan gari zai yi yana hira shi ne zai kayar da kai, kuma ba rashin ƙarfi ne ya jawo ba.

Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata suke bi ita ce sabon zuwa ya yi kashi 20 cikin 100 na aikin rana a ranar farko, sannan a riƙa ƙara masa abin da bai wuce kashi 20 ba kowace rana. Idan aikinka na cikin ɗaki ne, ka riƙa fita tattaki na minti 20 zuwa 30 da safe, kana ƙarawa a hankali. Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko shi ne kwashe kaya da gyaran sabon gida gaba ɗaya a rana ta farko da tsakar rana. Na biyu shi ne ɓuya a cikin esi dare da rana, ta yadda wata biyu za su wuce jiki bai koyi komai ba, ranar da wuta ta ɗauke kuma mutum ya rasa inda zai sa kansa. Ka kuma sani cewa idan ka yi tafiya zuwa wuri mai sanyi na mako biyu ko uku, yawancin wannan sabo yana gushewa, sai ka sake farawa sannu a hankali.

Mataki na 2: Ka sha ruwa da agogo, ka duba fitsarinka

Ƙishirwa tana makara a hamada. Kafin ka ji ta, jiki ya riga ya ci bashi. Saboda haka ka sha kofi biyu da zarar ka tashi daga barci, idan kuma kana aiki ko tafiya a cikin zafi ka sha kofi ɗaya, wato kamar rubu'in lita, duk minti 15 zuwa 20. Ma'aunin da ban taɓa ganin ya yi ƙarya ba shi ne launin fitsari. Idan fari ne mai ɗan ratsin rawaya, lafiya lau. Idan ya yi duhu kamar ruwan shayi, ko kuma ka yi awa huɗu ko biyar ba ka ji fitsari ba, to kana baya ƙwarai, ka zauna a inuwa ka biya bashin.

Akwai kuma haɗari ta ɗaya gefen wanda mutane ba su cika sani ba. Wanda ya yi ta kwankwaɗar ruwa zalla yana zubar da gishiri ta gumi, ba ya cin abinci, gishirin jininsa yana iya yin ƙasa har ya kai ga ruɗewa da farfaɗiya. Kada ka wuce lita ɗaya da rabi a cikin awa guda, kuma kada ka tsallake abinci don zafi ya kashe maka sha'awar ci. Idan gumin ya ɗauki awanni, ka haɗa da ruwan gishiri da sukari. Idan babu na ƙunshi, ka zuba cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, a shafe bakin cokalin kada a yi masa tozo. Ka ɗanɗana, idan ya fi hawaye gishiri, ya yi yawa, ka ƙara ruwa.

Mai hawan jini, da mai ciwon ƙoda ko na zuciya, da mai shan maganin da ke sa yawan fitsari, su tambayi likita yawan ruwa da gishirin da ya dace da su tun kafin zafi ya kankama. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa ba a ba shi ruwa. Nono ake ƙara masa akai-akai, uwar kuma ta yawaita sha.

Mataki na 3: Ka juya tsarin wuninka

Sabon zuwa yakan ɗauka ƙarfe 12 na rana ne ƙarshen zafi. A lokacin ne rana take tsaka, amma iska tana ci gaba da ɗumama har zuwa wajen ƙarfe 3 ko 4, bango da kwalta kuma suna ci gaba da amayar da zafin da suka sha har bayan faɗuwar rana. Lokacin da ya fi kowane sanyi shi ne gab da fitowar rana. Don haka duk aikin da yake bukatar ƙarfi, da motsa jiki, da cefane, da ban ruwan shuka, a gama su kafin hantsi ya dubi ludayi, sauran kuma a bari sai dare. Wannan ba ragwanci ba ne, doka ce ma a wasu ƙasashe: Saudiyya ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, Katar kuwa nata hanin yana farawa tun ƙarfe 10 na safe zuwa 3 da rabi. Girki ma a mayar da shi safiya ko dare, domin murhun da aka kunna da azahar yana ƙara wa gida zafin da ba zai fita ba sai tsakar dare.

Mataki na 4: Ka rufe gida da rana, ka buɗe shi da dare

A nan ne na fi ganin baƙi suna yin kuskure, kuma ni ma na yi shi. Mutum ya ji zafi, hannunsa ya kai ga taga ya buɗe, ya shigo da iska mai digiri 44 cikin ɗakin da yake 33. Ma'aunin zafi biyun nan da na ce ka saya, wannan ne aikinsu. Muddin na waje ya fi na ciki, tagogi da ƙofofi su kasance a rufe ruf, labule a sake. Da zarar na waje ya sauko ƙasa da na ciki, wanda yakan faru bayan dare ya yi, ka buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna, ka ajiye fanka a bakin ɗaya tana hura iska waje, domin ta janyo mai sanyi ta ɗayar. Saboda babu danshi ko gajimaren da zai riƙe zafi, daren hamada yana iya sauka da digiri 15 ko fiye daga zafin rana. Bango da daɓe su sha wannan sanyi, sannan ka rufe komai kafin rana ta ɗaga, wajen ƙarfe 7 ko 8.

Inuwar da aka yi daga waje ta fi labulen ciki amfani nesa ba kusa ba, domin hasken da ya riga ya ratsa gilashi ya zama zafi a cikin ɗaki, labule ba zai mayar da shi ba. Ka fara da tagogin yamma, su ne suke shan ranar la'asar, sannan na gabas. Rataya tabarma ko yadin rumfa da tazarar kamar taki ɗaya daga gilashin, don iska ta riƙa ratsawa tsakani. Idan gidan haya ne kuma an hana ka kafa ƙusa a waje, ka yanki kwali daidai girman tagar, ka lulluɓe shi da takardar alminiyum, ka jingina shi da gilashin, ɓangare mai ƙyalli yana kallon waje. Rufin gida shi ne ya fi shan rana, kuma shafa masa farin fenti ko farar ƙasa yana rage zafin ɗakin da ke ƙarƙashinsa sosai. Idan gidan bene ne, ka mayar da shimfiɗarka hawan ƙasa a watannin zafi.

Sai dai a manyan birane siminti da kwalta suna hana dare yin sanyi. A 2023 birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka ya yi kwana 31 a jere zafi yana kai digiri 43 ko fiye, kuma a darare da yawa bai sauka ƙasa da 32 ba. A irin wannan yanayi buɗe taga ba zai wadatar ba. A nemi wurin da ke da esi a yi ko da awa biyu ko uku a cikinsa kowace rana, musamman tsofaffi da marasa lafiya.

Mataki na 5: Ka sa ruwa ya yi maka aikin sanyaya

Fanka ba ta sanyaya iska, motsa ta kawai take yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa idan zafi ya haura digiri 40, fanka ɗumama jiki take yi. Amma idan fatar a jiƙe take, labari ya sauya. Ka fesa ruwa a fuska da hannuwa da ƙafafu, ko ka jiƙa riga ka matse ta ka saka, sannan ka zauna gaban fankar. Cikin minti biyu za ka ji kamar an canja maka gari. Jiƙaƙƙen mayafi a wuya yana yin irin wannan aiki idan kana waje, kuma yakan bushe cikin rabin awa, sai a sake jiƙawa. Da dare, idan barci ya gagara, ka jiƙa zanen gado ka matse shi sosai ka lulluɓa.

Na'urar sanyaya iska mai aiki da ruwa wannan dabara ce aka sa wa inji: famfo yana jiƙa wani soso mai kauri, fanka tana janyo iskar waje ta cikinsa. A busasshiyar rana tana iya rage zafin iska da digiri 10 ko fiye, kuma wutar da take ci kaɗan ce idan aka kwatanta da esi. Sharaɗinta biyu ne. Dole ta riƙa shan iskar waje, kuma dole a bar wata taga a ɗan buɗe a ɗaya gefen ɗakin domin iskar da ta jiƙe ta fita. Wanda ya kulle ɗaki ya kunna ta, bayan awa ɗaya zai tarar da kansa cikin zafi mai danƙo wanda ya fi na farko muni. Haka kuma idan danshin iska ya kai rabi, wato kashi 50 cikin 100, kamar lokacin da hadari ya taso ko a hamadar da ke bakin teku, amfaninta yana raguwa ƙwarai. Ruwan hamada yakan zo da gishirin ƙasa mai yawa, za ka ga farin ɓawo yana taruwa a kan soson. Ka riƙa zubar da ruwan tankinta kana wankewa duk mako, soson kuma a sauya shi idan ya ƙandare.

Idan babu wannan na'ura, ka jiƙa tawul ko buhun algarara ka rataya a tagar da iska take shigowa, ƙasansa yana cikin bokitin ruwa domin ya riƙa tsotsa. Tulun ƙasa wanda ba a shafe shi da fenti ba yana sanyaya ruwan sha ta wannan hanya, idan aka ajiye shi a inuwa inda iska take kaɗawa. Gorar da aka naɗe da jiƙaƙƙen tsumma ma haka.

Esi kuwa akasin na'urar ruwa ne, so yake a rufe ko'ina a toshe ƙasan ƙofa. Ba sai ka sauke shi zuwa 18 ba. Ka sa shi a 26 ko 27 ka haɗa da fanka, jiki zai ji daɗi, kuɗin wuta ya ragu, fita waje kuma ba za ta zama kamar faɗawa tanda ba. Ƙura tana toshe matatarsa da sauri, ka wanke ta duk mako biyu, da kuma bayan kowace guguwar ƙura. Kada a haɗa esi da na'urar ruwa a ɗaki ɗaya, domin ɗaya tana zuba danshi ɗayan yana wahalar cire shi.

Mataki na 6: Ka rufe jiki, kada ka tuɓe

Tuɓe riga a ranar hamada ƙara wa kai zafi ne, domin fata tana shan hasken kai tsaye, gumi kuma yana bushewa da saurin da bai kamata ba. Tufa mai faɗi tana yi wa jiki inuwa, tana kuma barin iska ta zagaya a ƙarƙashinta. A 1980 wasu masu bincike sun gwada baƙar riga da farar riga irin ta makiyayan Larabawa a hamadar Negeb, suka tarar zafin da yake isa jiki kusan ɗaya ne, saboda faɗin rigar yana fitar da zafin kafin ya kai fata. Darasin shi ne faɗi ya fi launi muhimmanci. Amma idan tufar siririya ce ko mai kama jiki, ka zaɓi fara. A rufe kai da ƙeya, a shafa man kare fata a fuska da bayan hannu duk awa biyu. Bushewar iska tana fasa leɓe da dunduniya, tana kuma jawo haɓo. Ɗan Vaseline a bakin hanci kafin barci yana hana wannan.

Mataki na 7: Ka yi hattara da mota da ƙasa

Motar da aka rufe a rana tana ƙara kamar digiri 10 a cikin minti 10 na farko, kuma sassauta gilashi ba ya hana hakan. Ba a barin yaro, ko tsoho, ko dabba a cikinta ko da na minti ɗaya ne. Magunguna, musamman insulin na masu ciwon sukari, da waya, da kwalbar turare mai fesawa su ma kada a bar su ciki. Ka taɓa ƙarfen bel da hannunka kafin ka ɗaura wa yaro, ka kuma yafa tawul a kan sitiyari idan za ka fita. Kwalta tana iya haura digiri 70 da rana, tana ƙona tafin ƙafa cikin daƙiƙoƙi, don haka yara ba sa fita ba takalmi. Ruwan da ya kwana a tiyo ko a tankin saman rufi yana iya salɓe fata. Ka bar shi ya zuba tukuna, ruwan wankan rana kuma ka tara shi a bokiti tun da asuba.

Idan za ka yi doguwar tafiya, ka duba ruwan lagireto da iskar taya da safe kafin mota ta yi zafi, ka ɗauki aƙalla lita 4 na ruwa ga kowane mutum ban da na mota, ka kuma gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin isarka. Idan mota ta lalace a daji, ka zauna kusa da ita, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mutum. Ka kafa inuwa da zane a gefenta, ka zauna a kan wani abu da zai raba ka da ƙasa mai zafi, ka sha ruwanka gwargwadon bukata ba tare da ƙwauro ba, ka rage motsi har rana ta faɗi.

Mataki na 8: Ka san alamomin haɗari da abin yi

Matakin farko na illar zafi shi ne galabaita: ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, ɗaurewar tsokar ƙafa ko ta ciki, da bugun zuciya da sauri. Mutum yana cikin hayyacinsa. A kai shi inuwa, a kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, a sassauta tufafinsa, a jiƙa jikinsa a yi masa fifita, a ba shi ruwan gishiri da sukari yana kurɓa a hankali. Idan rabin awa ta wuce bai farfaɗo ba, ko yana amai, a tafi asibiti. Ko ya warware, aikin rana ya ƙare masa a wannan wuni.

Mataki na biyu na illar zafi shi ne wanda yake kisa, lokacin da zafin jiki ya haura digiri 40 ya taɓa ƙwaƙwalwa. Alamarsa ita ce sauyin hankali: magana ta harɗe, ko sambatu, ko faɗa ba dalili, ko tangaɗi, ko farfaɗiya, ko suma. Kada ka jira ka ga gumi ya tsaya, domin wasu suna cikin gumi yake kama su, a hamada kuma fatar kowa a bushe take. A kira motar asibiti nan take, amma a fara sanyaya shi tun kafin ta iso, domin yawan mintocin da jiki ya yi cikin wannan zafi su ne suke raba rai da mutuwa. Hanya mafi sauri ita ce a tsoma shi cikin ruwan sanyi har wuya, wani yana riƙe da kansa. Idan babu abin tsomawa, a cire masa kaya a riƙa kwarara masa ruwa ba ƙaƙƙautawa ana fifita da ƙarfi, a sa ƙanƙara a wuya da hammata da matsematsi. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki, sai a kwantar da shi ta gefe don kada ya shaƙe. Kada a ba shi farasitamol ko asfirin, domin wannan ba zazzaɓi ba ne, ba za su sauke zafin ba, suna ma iya ƙara wa hanta da ƙoda rauni. A ci gaba da jiƙa shi da fifita a cikin mota har a miƙa shi hannun ma'aikatan asibiti.